Kujerar Kubura

Isyaku ya tsallake rafin da kekensa a kafaɗa, ya ajiye shi a kan tudu, sannan ya waiga. Matarsa Murja tana tsakiyar ruwa, ta tattare zani zuwa gwiwa, tana laluben wurin taka ƙafa. A bayanta 'yarsu Kubura ce a goye, yarinya 'yar shekara biyar, ƙafafunta sun sauko har cinyar uwar, a sandare, ɗaya ta harɗe ɗaya. Kanta ya lanƙwashe baya kamar mai neman wani abu a sama.

"Ki bi ta dama, nan akwai santsi," in ji shi daga inda yake tsaye.

Murja ta bi ta daman. Gwaggo Turai, ƙanwar mahaifinsa, wadda ta rene shi tun yana ƙarami, tana biye da ita da sanda, tana mita.

"Tafiyar banza. Malam nawa muka je wa? Turare nawa muka yi? Yanzu kuma wata yarinya daga birni ce za ta tayar da ita?"

Suka kama hanyar Karaye, Isyaku a gaba yana tura keke, matan a baya. Damina ta ja baya, mutane sun fara cirar gyaɗa, gonakin ƙauyensu Kwanyawa cike da masu aiki. Duk wanda suka wuce sai an tsaya an gaisa, kuma duk wanda ya gaisa da su sai idonsa ya je kan goyon Murja ya dawo da sauri. Isyaku ya lura cewa a kowace gaisuwa ƙafarsa tana ƙara ba da rata tsakaninsa da su. Ya sani, amma bai rage sauri ba.

A garinsu ba wanda yake ganin laifinsa. Kubura 'yar fari ce, kuma kowa ya san uba ba ya ɗaukar ɗan fari, ba ya kiran sunansa, ba ya wasa da shi a gaban mutane. Har yabonsa ake yi, ana cewa Isyaku kafinta akwai kunya. Shi kaɗai ya san ba kunya ba ce. Ƙanenta Iro, mai shekara biyu, kullum yana kan wuyansa. Ita kuwa tun ranar suna hannunsa bai taɓa jikinta ba.

Abin ya faru ne tana da kwana biyar a duniya. Murja ba ta da uwa, don haka ba ta je wankan gida ba, a ɗakinta ta haihu. Gwaggo tana Yola wajen zaman makoki, wata tsohuwa maƙwabciyarsu mai raunin ido ce take yi mata wankan jego. Da safe Isyaku yana ɗaure ƙofofi biyu a kan jaki, waɗanda zai kai gidan wani attajiri a Rogo, sai Murja ta kira shi daga bakin ɗaki.

"Malam, zo ka ga idon yarinyar nan. Ya yi ruwan ɗorawa, har tafin ƙafarta. Tun jiya ba ta kama nono ba. Ko za mu kai ta asibitin En'e na Karaye?"

Ya leƙa daga bakin ƙofa, ɗakin da duhu, bai ga komai sosai ba. Hankalinsa yana kan ƙofofin, aikinsa na farko ke nan na babban gida, yana kuma kan ragon suna. Ya ce mata jarirai haka suke yi, a bari a yi suna tukuna. Ya tafi Rogo, mai gidan ya riƙe shi ya kafa ƙofofin, ya kwana biyu.

Ranar suna Gwaggo ta iso. Ta fito da jaririyar haske, ta ga yadda take banƙarewa tana wani kuka siriri, ta saki salati. A gaban mata cike da tsakar gida ta juya kan Murja.

"Ke wace irin uwa ce? Kina ganin wannan kika yi shiru? Ba ki gaya wa kowa ba?"

Isyaku yana tsaye a bakin zaure da ƙwaryar goro a hannu. Murja ta ɗago kai ta dube shi. Ya juya ya koma wurin maza. Daga ranar nan labarin ya zauna haka: Murja ce ta ɓoye ciwon 'yarta har ya ci ƙarfinta. Gwaggo ta faɗa, maƙwabta suka ɗauka. Murja ba ta taɓa musawa ba, ba ta kuma taɓa tayar masa da maganar ba, ko a ɗaki su biyu.

Rana ta ɗan ɗaga suka shiga Karaye. Hanyar asibiti ta gefen kasuwa take bi, daidai rumfar da Isyaku yake aiki. Ya tsaya, ya jingine keken a jikin turke.

"Ku wuce, ga shi can bayan ofishin hakimi. Akwai benci na makaranta da na yi alkawarin gamawa yau. In kun fito kwa same ni a nan."

Gwaggo ta gyaɗa kai, don a ganinta daidai ne. Murja ce ta tsaya. Ta gyara goyon, gumi yana bin wuyanta.

"Malam Gwadabe ya ce da uba."

"Me zan yi a can? Harkar mata ce."

"Haka ya ce. Ya ce in babu uba, kar ma mu zo." Ba ta ɗaga murya ba, ba ta kuma dube shi ba. "In ba za ka je ba, ka faɗa, mu juya tun rana ba ta yi zafi ba."

Malam Gwadabe shi ne malamin asibitin. Makon jiya ya zo rumfar da kansa, ya zauna a kan guntun katako, ya ce akwai wata nas da ake turowa daga birnin Kano duk wata, ta koyi aikin motsa gaɓoɓin yara irin Kubura. Isyaku ya amsa masa da to, don ya rabu da shi. Bai san mutumin ya aika wa Murja ma ba.

Ya bar keken a nan ya bi su.

Asibitin ɗaki biyu ne da baranda, an rufa shi da kwano. Masu jiran allura da maganin tari suna zaune a layi ta gaba. Malam Gwadabe ya zagaya da su baya, gindin wata bishiyar darbejiya, inda aka shimfiɗa tabarmi. Iyalai huɗu ne a wurin, kowanne da yaronsa. Isyaku bai taɓa sanin akwai irin 'yarsa da yawa haka a ƙasar ba. Ya nemi can gefe ya tsuguna.

Kusa da shi wani dattijo ne mai hannuwa shuɗi, da gani marini ne. Ya kafa gora biyu a kan turaku, tsayin ƙugun yaro, wani yaro ɗan shekara bakwai yana tsakaninsu ya riƙe da hannu bibbiyu, jikinsa yana karkarwa. Dattijon yana durƙushe a gabansa.

"Taho, Liti. Ɗaya kawai. Taho wurin Baba."

Yaron ya ja ƙafa ɗaya, ya ajiye ta a karkace, ya buɗe baki yana dariya, miyau yana zuba. Dattijon ya goge masa da bakin rigarsa, sannan ya juyo ya miƙa wa Isyaku hannu. Sunansa Sulle, daga Ruwan Bago, tun asuba suka taso a motar gyaɗa.

"Wata takwas ke nan muna zuwa," in ji shi. "Da muka fara ko zama ba ya yi. Irin gorar nan na kafa masa a tsakar gida. Ni da safe kafin in tafi karofi, uwarsa da rana, yayyensa da yamma. Taka ce waccan?"

"E," in ji Isyaku.

"Allah ya raya. Me ta fi so?"

"Na'am?"

"Abin da take so. Shi wannan ƙarar kwanon tasa yake so, in aka buga sai ya juyo. Da ita muka koya masa ɗaga kai. Ita fa?"

Isyaku bai san abin da 'yarsa take so ba. Allah ya taimake shi aka kira su.

Nas ɗin, Malama Maijidda, ba yarinya ba ce kamar yadda Gwaggo ta zata. Mace ce mai kimanin shekara arba'in, gajera, da farar riga da ɗankwali, ta cire takalmi ta zauna a kan tabarma kamar kowa. Ta gaishe da Gwaggo har da rusunawa, ta tambayi hanya, ta tambayi amfanin gona. Sannan ta sa aka kwance Kubura. Ba ta taɓa ta nan da nan ba. Sai da ta kwanta a gefenta, ta yi mata magana, ta bari yarinyar ta gama kallonta, sannan ta fara lanƙwasa gwiwa da gwiwar hannu a hankali. Ta kaɗa mukullai ta hagu, ta kaɗa ta dama. Ta hagu ne kawai Kubura ta juya.

"Tana ji, amma kunnen dama ya yi rauni. Ku riƙa yi mata magana ta wannan gefen. Tana kuma ganewa, kun ga yadda take bin bakina da ido?" Ta ɗauko littafi da fensir. "Da aka haife ta, ta yi shawara?"

"Ta yi," in ji Murja.

"Kwana nawa da haihuwa kika gani?"

"Huɗu. Da na biyar ya yi yawa."

"An kawo ta nan?"

"Sai bayan suna."

"Ai ba ta faɗa ba ne," Gwaggo ta karɓe. "Ni ba na nan, shi kuma namiji ne, me ya sani? Tana kallo ta yi gum. Ƙuruciya da taurin kai. Da ta buɗe baki da ba mu zo nan ba yau."

Malama Maijidda ta dubi Murja. Murja tana gyara wa Kubura riga.

"Haka ne," in ji ta. "Ban faɗa ba."

Shekara biyar Isyaku yana jin Gwaggo tana faɗin wannan magana, amma bai taɓa jin Murja ta amsa ta da bakinta ba. Kuma da ta amsa, ko inda yake ba ta kalla ba. Ya so ya faɗi gaskiya a nan take. Ya dubi Sulle da sauran mazan da ke wurin, ya fasa.

Nas ɗin ta rufe littafin. "Wannan ya wuce, Gwaggo. Bari in gaya muku gaskiya tun yanzu, don kar ku ce na yaudare ku. Ba ni da allura, ba ni da ƙwaya da za ta warkar da ita. Abin da ya taɓu a kanta ya taɓu. Amma jikin nan yana koyo. In aka bar ta kwance a ɗaki, gaɓoɓin za su ƙage, nan da shekara uku ba mai iya miƙar da su. In ana motsa ta kullum, za ta zauna. Wataƙila ta ci abinci da hannunta. Tafiya, ban yi alkawari ba. Ni sau ɗaya nake zuwa a wata. Ku ne kuke tare da ita kullum, saboda haka ku zan koya wa. Wa yake yi mata wanka?"

"Ni," in ji Murja.

"Wa yake ba ta abinci?"

"Ni."

"In kin tafi rijiya fa?"

"Ina goya ta. Ƙanenta ya bi ni da ƙafa."

"Mutum ɗaya ba zai iya ba. Bayanki ma na ga ya fara rankwafawa." Ta juya. "Maigida, matso."

"'Yar fari ce," in ji Gwaggo da sauri. "Ai da kunya."

"Na sani, Gwaggo, ni ma 'yar fari ce. Ba a kasuwa zai yi ba, a cikin gidansa ne. Hannun namiji nake so, ƙafafun nan suna da ƙarfi. Matso, Malam."

Ya matso. Ta sa ya zauna ya miƙe ƙafafu, ta ɗauko Kubura ta ɗora masa a tsakanin cinyoyinsa, bayanta a jikin ƙirjinsa. Ya yi mamakin rashin nauyinta. Iro ma ya fi ta. Yana jin ƙasusuwan bayanta ɗaya bayan ɗaya ta cikin riga.

Yarinyar ta sandare. Ta banƙare baya, ƙeyarta ta bugi haɓarsa, ta fara kuka tana neman uwarta da ido. Da nas ɗin ta taɓa ta ba ta yi haka ba.

"Ba ta saba da kai ba?" in ji Malama Maijidda. Tambaya ce kawai, babu zargi a cikinta, amma Isyaku ya gwammace ta zage shi.

"Ina yini a kasuwa," in ji shi.

"To. Kar ka danne ta, in ka danne sai ta ƙara ƙagewa. Sa hannu nan, ƙarƙashin gwiwa. Lanƙwasa. Kawo kafaɗunta gaba. Yi mata magana."

"Me zan ce?"

"Ka ƙwanƙwasa mata wani abu," in ji Murja a hankali. "Tana son ƙarar guduma. In kana aiki a zaure sai ta yi shiru tana saurare. Shi ya sa nake kwantar da ita ta jikin bangon nan."

Bai sani ba. Duk ranar da ya yi aiki a gida, ashe bango ɗaya ne tsakaninsu, tana jin sa. Ya sa hannu a aljihu ya ciro ƙusa, ya fara buga ta a jikin ƙafar bencin da ke kusa, ta gefen hagu. Ƙwas, ƙwas, ƙwas. Kukan ya ragu. Kan yarinyar ya juyo a hankali, da ƙyar, yana rawa. Ya ji bayanta ya ɗan saki a ƙirjinsa. Nas ɗin ta kama hannunsa ta nuna masa yadda zai raba gwiwoyin, yadda zai miƙar da dunduniya, sau goma kowace ƙafa. Ya yi. Gumi ya jiƙa masa riga kamar wanda ya yini yana tsaga gungume.

Bayan nan ta koya wa Murja yadda za ta riƙe haɓar yarinyar in tana ba ta kunu don kar ta ƙware. Gwaggo ma ba ta tsira ba. Nas ɗin ta ce ta ji an ce tsofaffin Kwanyawa sun iya waƙar daka, ta roƙe ta ta riƙa kwantar da yarinyar rub-da-ciki a kan cinyarta da rana, tana yi mata waƙa, don ta koyi ɗaga kai. Gwaggo ta ce ita dai ba ta ga amfaninsa ba, amma ta miƙa ƙafa aka ɗora mata.

"An ce kai kafinta ne," in ji Malama Maijidda. Ta yago takarda ta zana masa wata kujera. Ba ta da ƙafa, a ƙasa take. Katako biyu ne suka haɗu a kusurwa, su tallafi baya da kafaɗu, da ɗan turke a tsakiya da zai raba cinyoyi, da ɗan tebur a gaba. "In ta zauna a nan za ta ga tsakar gida, ta ga mutane, hannayenta su sami abin yi. Amma sai ta zo daidai jikinta. Ka auna ta da kyau. In ka iya, akwai wasu ukun a nan da suke bukata."

Da aka sallame su, matan suka tsaya shan ruwa a randar baranda. Isyaku ya koma. Nas ɗin tana wanke hannu kafin ta kira na gaba.

"Malama, ina da tambaya."

"Ina jin ka."

"Da an kawo ta a kwana na biyar ɗin nan, da ta warke?"

Ta yarfe hannu, ta dube shi sosai, har ya sunkuyar da kai.

"Ban sani ba. Gaskiya, a nan ba su da abin da za su yi wa irin wannan shawarar. Sai dai su ce a tafi birni. A birnin ma wani a dace, wani ba a dace ba. Kuma jaririya 'yar kwana biyar a bayan babbar mota, da damina. Ban sani ba, Malam. Ba wanda zai iya ce maka e." Ta ɗauki littafinta. "Ka gaya wa matarka haka. Na ga abin yana cin ta."

Ya yi godiya ya fito. Shekara biyar yana tsoron wannan amsa, yana zaton za a ce masa shi ya nakasa 'yarsa. Ga shi an ce wataƙila ba shi ba ne, amma nauyin bai ragu ba ko kaɗan. Yana tafe yana lissafin abin da ya rage bayan an cire tafiyarsa Rogo. Juyawar da ya yi a bakin zaure ta rage. Duk ranar da Gwaggo ta yi gori yana cin tuwo bai ɗago ba, ta rage. Bayan Murja da ya rankwafa ma nas ce ta gani, shi bai gani ba.

An kira azahar suna isa rumfarsa. Ya ce su zauna su huta, ya je masallaci ya dawo, ya sayo musu fura. Kasuwa ba ta ci ranar, layin kafintoci shiru, sai ƙarar maƙera daga nesa. Ya share dogon bencin aikinsa, ya ce Murja ta kwantar da yarinyar a kai. Ya ɗauko zare da fensir. Ya tsaya da su a hannu.

"Gwaggo."

"Mene ne?"

"Ta faɗa."

"Wa? Ta faɗi me?"

"Murja. Da yarinyar tana kwana biyar ta kira ni, ta ce idonta ya yi ruwan ɗorawa, mu kai ta asibiti. Ni na ce a bari sai an yi suna. Na tafi Rogo. Ranar da kika tambaye ta ina tsaye, na ji, na yi shiru."

Gwaggo ta ajiye ludayin furar. Ta dube shi, ta dubi Murja, ta sake dubansa. Ita ta goye shi, ita ta yi masa aure, ba ta taɓa yarda a faɗi laifinsa a gabanta ba.

"Isyaku, ka bar ni ina..." Ta juya kan Murja. "Ke kuma kika yi shiru? Shekara biyar ina cin mutuncinki, kika yi shiru?"

"Da na faɗa za ki yarda, Gwaggo?"

Tsohuwar ta ja mayafi ta rufe rabin fuskarta, ta tashi ta koma bakin rumfa ta zauna, ta ba su baya.

Isyaku ya matso kusa da matarsa. Ya rage murya.

"Na tambayi nas ɗin. Ta ce ko da an kawo ta, ba lalle ne a iya komai ba. Ta ce in gaya miki."

"Na sani. Malam Gwadabe ya gaya min tun tana wata uku."

"Kin sani?"

"Ni ban taɓa riƙe ka da ciwonta ba, Malam. Wannan na Allah ne."

Ya jira ta ci gaba. Tana kore wa yarinyar ƙuda da gefen zani.

"Murja, ki yafe mini."

Fuskarta ba fushi, ba kuma sassauci, irin ta wanda ya sauke kaya bayan doguwar tafiya, wuyansa bai daina ciwo ba.

"Ba yau ba," in ji ta. "Ka bar ni tukuna. Safe nawa ne, rana ta Gwaggo, in ta yarda. La'asar taka ce. Ba fashi, ko ranar kasuwa, ko ranar Rogo. In ka yi wata guda ba ka tsallake ba, ma yi wannan maganar. Auna ta, ta gaji."

Ya sunkuya. Bai san ta inda zai fara ba, sai da Murja ta zaunar da yarinyar ta tallafe ta. Ya ɗora zaren daga katakon benci zuwa kafaɗa, ya ƙulla. Daga baya zuwa bayan gwiwa, ya ƙulla. Shi da yake auna ƙofa sau ɗaya ya yanke, yau sai da ya sake awon faɗin ƙugu sau uku. Kubura tana bin fensirin da ke bayan kunnensa da ido. Ƙafafunta suka fara harɗewa, awon yana neman ɓaci. Sai ga Gwaggo ta taso, ta durƙusa ta riƙe dunduniyoyin biyu yadda aka nuna musu.

Ya jawo wani katakon maɗaci da ya daɗe yana ajiya, ya shimfiɗa zaren a kai, ya sa fensir zai ja layi daidai ƙullin.

"Ƙara yatsa biyu," in ji Murja.

"Nas ta ce daidai jikinta."

"Ƙara dai. Ka sa mata tsumma a ciki kafin nan. Tana girma."

Ya dubi yarinyar. Bai taɓa kawo wa ransa cewa tana girma ba. Ya ɗora yatsu biyu a gaban ƙullin, ya ja layin a can, ya ɗauki zarto.